Filin Manoma: A Yi Hattara da Maganar Gona Mai Fassara Biyu

Duk wanda ya bi Titin Ibrahim Taiwo a Kano dab da faɗuwar damina, ta wajen Kantin Kwari da Kasuwar Singa har ya ɓulla Sabon Gari, zai ga manoma da 'yan sari suna ta kai da kawowa wajen neman iri da taki da maganin ƙwari. In ka ɗauki kwalba ko ƙunshin iri ka duba, sau da yawa sai ka tarar da rubutu iri biyu ko uku a jiki: Ingilishi, Faransanci, wani sa'i har da Sifaniyanci, domin kamfanonin waje sukan buga takarda guda su aika da kayan ƙasashe da yawa. Mai kanti ya karanta na Ingilishi, ya juya wa manomi da Hausa, manomi ya tafi gona ya aikata. To, a makon nan muna so mu ja hankalin jama'a a kan wannan doguwar hanya da magana take bi kafin ta iso kunnen mai fartanya, musamman wadda ta taso daga Sifaniyanci.

Me ya haɗa mu da Sifaniyanci?

Wani zai ce, ina ruwan manomin Kura ko Ɗambatta da harshen mutanen Sifaniya? Ruwansa kuwa da yawa. Masara, gyaɗa, rogo, tumatir, barkono, dankalin Hausa da na Turawa, duk asalinsu ƙasashen Amurka ne. Bayan da Kolumbus ya isa can a 1492, Sifaniyawa da mutanen Fotugal suka ɗebo su suka watsa cikin duniya. Sunayen ma tare suka taho. Sifaniyawa suka ji mutanen tsibiran can suna kiran masara da wani suna, suka mai da shi maíz, Ingilishi suka karɓa suka ce maize. Haka tomate ta fito daga harshen mutanen Meksiko na dā, ta zama tomato a bakin Ingilishi, mu kuma muka ce tumatir.

Har yanzu kuwa manyan gidajen binciken waɗannan amfanin gona a can suke. Akwai CIMMYT a Meksiko, mai aikin masara da alkama, wadda aka kafa a 1966. Akwai CIAT a Kolombiya, mai aikin rogo da wake, tun 1967, da CIP a birnin Lima na ƙasar Feru, mai aikin dankali, tun 1971. Gajeruwar alkamar nan da Norman Borlaug da abokan aikinsa suka fitar a Meksiko, wadda ta sa aka ba shi lambar Nobel a 1970, tana cikin irin da aka noma a filayen ban ruwa na Arewa, har da Kadawa. Ɗaya daga cikinsu sunanta Siete Cerros, watau duwatsu bakwai. Ke nan ilimin da ke zuwa mana daga can yakan bi ta hannun mai fassara zuwa Ingilishi tukuna, sa'an nan wani ya juya shi zuwa Hausa. Fassara biyu ke nan, kowace kuwa tana iya zubar da wani abu a hanya.

Abin da zai ba masu karatu sha'awa shi ne, akwai kalmomin da mu da Sifaniyawa muka sha a rijiya ɗaya. Musulmi sun yi mulki a Andalus daga 711 har 1492, suka bar Larabci mai yawa a harshen manoman ƙasar. Almud nasu shi ne mudunmu. Azúcar shi ne sukari, aceituna kuwa zaitun. Noria a wurinsu ƙaton wili ne mai ɗauke da gugaye, yana juyawa yana ɗebo ruwa kamar aikin jigo. Kalmar Larabcin da ta haife ta ita ce ta ba mu na'ura.

Inda ake tuntuɓe

Na farko, sunan lokatai. A Sifaniya invierno lokacin sanyi ne, verano kuwa lokacin zafi. Amma a Amurka ta Tsakiya da Kolombiya manoma suna kiran damina invierno, rani kuma verano. In mai fassara bai san haka ba, sai ya buɗe ƙamus ya rubuta winter. Akawun gona a nan ya gani, ya ce a shuka da hunturu, alhali takardar cewa ta yi a shuka da faɗuwar ruwa. Kun ga an tura amfanin damina cikin ɗari.

Na biyu, sunan wake. Frijol na Meksiko wani irin wake ne dabam, wanda ya fi son wuri mai sanyi-sanyi kamar tudun Jos. Ingilishi suna fassara shi beans. Mu kuwa a Nijeriya in an ce beans, wakenmu muke nufi, wanda masana suke kira cowpea, Sifaniyawa kuma caupí. Tazarar shuka, da kwanakin nuna, da cututtukan waɗannan biyu ba ɗaya ba ne. Wanda ya bi shawarar wancan a gonar wannan ya yi aikin baban giwa.

Na uku, akwai cal, watau farar ƙasar da ake zuba wa gonar da ƙasarta ta yi tsami. Da Ingilishi sunanta lime, lemun tsami ma sunansa lime. Mai juyawa zuwa Hausa in bai lura ba sai ya aika mutum lambu neman abin da yake a buhu. Haka yuca, rogo ke nan, amma yucca ta Ingilishi wata shuka ce ta ado mai ganye kamar takobi. Papa dankalin Turawa ne. Batata ko camote shi ne namu na Hausa. Ko cikin Ingilishi kansa, corn a Amurka masara ce, a tsofaffin littattafan Ingila kuwa hatsi ne kowane iri, galibi alkama.

Awo da lissafi

Nan ne asara ta fi yawa, don haka 'yan kasuwa da akawuna su buɗe ido. Manzana a ƙamus tuffa ce, amma a bakin manomin Amurka ta Tsakiya awon fili ce, kusan kashi 7 cikin 10 na hekta, watau eka ɗaya da kusan kashi uku cikin huɗu. Quintal a can kilo 46 ne, a wasu ƙasashe kuwa kilo 100. Arroba, wadda ta fito daga rubu'i na Larabci, kashi ɗaya cikin huɗu ce na ƙaramin quintal, kilo 11 da rabi.

Ga misali. A ce takarda ta ce wani irin masara yana ba da quintal 60 a manzana guda. In ka lissafa daidai, kilo 2,760 ke nan, wanda ya kama kimanin buhu 16 mai kilo 100 a kowace eka. Amma in wani ya ɗauki quintal a matsayin buhun kilo 100, ya ɗauki manzana a matsayin eka, sai ya gaya wa manomi zai sami buhu 60. Manomi ya ci bashi a kan wannan alkawari, kaka ta yi, a shiga rigima da mai iri, alhali iri bai yi ƙarya ba.

Sai kuma waƙafi da ɗigo. Mutanen Sifaniya da yawancin Amurka ta Kudu, haka ma masu Faransanci irin maƙwabtanmu na Maraɗi da Damagaram, in za su rubuta ɗaya da rabi sai su sa 1,5. In za su rubuta dubu kuwa, Sifaniyawa sukan sa 1.000. Wanda ya saba da rubutun Ingilishi yana iya karanta lita 1,5 ya ce lita 15, ya ƙone gona ƙurmus. Ko da ya karanta daidai, saura ya tuna hekta guda ta kusa eka biyu da rabi. Maganin da aka ce lita ɗaya da rabi a hekta, eka guda mililita 600 take bukata. In ka juye na hekta a eka, ka ninka shi kusan sau biyu da rabi: kuɗi sun tafi, shuka ta wahala, gubar kuma ta biyo amfanin zuwa kasuwa.

Suna mai koyar da magani

Wani lokaci fassara ba ta yin kuskure, amma takan rage amfanin suna. A farkon 2016 aka fara ganin tsutsar nan mai cin masara a Afirka, Nijeriya kuwa tana cikin ƙasashen farko. Daga Amurka ta zo. Ingilishi suna kiranta fall armyworm, fall ɗin nan kuwa lokacin kakar Amurka ne. Wanda ya ji haka zai zaci sai kaka take zuwa, alhali tun masara tana ƙarama take faɗa mata. Manoman Meksiko kuwa suna ce mata gusano cogollero, watau tsutsar zuciyar shuka, domin a cikin mazurarin ganyen tsakiya take ɓuya tana ci. Sunan kaɗai ya gaya maka inda za ka duba da inda za ka sa bakin famfon feshi, da sassafe ko da yamma. Waɗansu ƙananan manoma a can da nan sukan zuba toka ko rairayi a cikin mazurarin.

Haka ƙwaron tumatir da masana ke kira Tuta absoluta, wanda mutanenmu suka laƙaba wa Sharon. Daga Amurka ta Kudu ya fito, ya shiga Sifaniya a 2006, ya bi ta Afirka ta Arewa har ya iso mu. A 2016 ya cinye lambunan Kano da Kaduna da Katsina, tumatir ya yi tsadar da kowa ke tunawa da ita. Masu Sifaniyanci sun riga mu fama da shi da shekaru masu yawa, sun kuma yi rubutu a kan tarkon da ke jawo mazan ƙwaron da ƙamshi, da sauya magani don kada ya saba da guda, da ƙone karan tumatir bayan an gama tsinka. Wannan ilimi ya cancanci a juyo mana shi da kyau.

Abin da ya kamata a yi

Ya kai manomi, kada ka karɓi kwalbar da babu bayanin Ingilishi da lambar NAFDAC a jikinta. Ka dubi zanen launi da ke gindin takardar: ja shi ne mafi haɗari, sai rawaya, sai shuɗi, sai kore. In ka ga veneno, guba ke nan. Peligro kuwa haɗari. Plazo de seguridad su ne kwanakin da za ka jira tsakanin feshi da tsinka. Kada ka rage su ko da kwana ɗaya, domin 'ya'yan mutane ne za su ci, har da naka.

Kai kuma mai kanti, amana ce a wuyanka. Kafin ka gaya wa mutum adadin murfin da zai zuba, tambaye shi girman gonarsa da kuma lita nawa famfonsa yake ci, don akwai mai 16, akwai mai 20. In wata kalma ta shige maka duhu, ka ce ba ka sani ba. Wannan ya fi ka ƙaga.

Ku kuma akawuna da malaman gona masu juya takardu, ku nemi sunan kimiyya na shuka ko na ƙwaro, wanda ake rubutawa da Latin, domin shi ba ya sauyawa daga ƙasa zuwa ƙasa. Ku tambayi ƙasar da takardar ta fito kafin ku fassara awo ko sunan lokaci. Ku mai da kowane awo zuwa kilo, lita da eka kafin ya isa ƙauye. Abin da ya gagara a kai shi wurin malaman KNARDA, ko IAR ta Samaru, ko reshen IITA da ke Kano. Matambayi ba ya ɓata, rashin sani kuwa ya fi dare duhu.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya kiyashe mu da fari da ƙwari, amin.