Kaka da Jika: Aikin Taimakon Tsofaffi Masu Gigin Tsufa

'Yan'uwa manoma, a yawancin gidajenmu akwai tsoho ko tsohuwa. Waɗansunsu sun fara mantuwa ƙwarai. Tsohuwa ta ci tuwo yanzu, jim kaɗan ta ce ba a ba ta ba. Tsoho ya fita ƙofar gida, ya rasa hanyar komowa. Mukan ce gigin tsufa ne, mu bar maganar nan. Waɗansu ma sukan ce maita ce, har a hana yara zuwa ɗakinta. Wannan kuskure ne babba, yana kuwa jawo wa iyayenmu wulakanci.

Ciwo ne na ƙwaƙwalwa

Gigin tsufa ciwo ne da ke lalata ƙwaƙwalwa a hankali. Ba kowane tsoho yake kamawa ba. Irinsa da ya fi yawa, wani likitan Jamus mai suna Alois Alzheimer ne ya bayyana shi a 1906. Hawan jini da shanyewar ɓarin jiki ma suna kawo wani irin. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2021 mutum wajen miliyan 57 ne ke da ciwon, fiye da kashi 60 cikin 100 kuwa suna ƙasashe marasa ƙarfi irin namu. A nan Zariya, wani bincike da likitoci suka buga a 2011 ya sami kusan mutum 3 cikin kowane tsofaffi 100 da aka duba suna da shi.

Abin da ya faru ɗazu shi ke fara ɓacewa. Abin da aka koya tun ƙuruciya, kamar waƙa da tatsuniya da aikin hannu, shi ya fi daɗewa. Shi ya sa tsohuwar da ta manta sunan surukarta za ta iya tsince wake sarai.

Yadda ake yi a waɗansu ƙasashe

A Tokyo ta Japan akwai wani gida mai suna Kotoen, inda aka haɗa gidan tsofaffi da makarantar renon yara tun 1976. A Seattle ta Amurka an buɗe irin wannan makaranta cikin gidan tsofaffi a 1991, a Landan kuma a 2017. Yara da tsofaffi sukan yi waƙa da zane da cin abinci tare. Masu lura sun ga tsofaffin sun fi fara'a da magana lokacin da yara suke kusa. Yaran kuma sukan koyi haƙuri, su daina tsoron tsofaffi. Wannan ba ya warkar da ciwon, amma yana rage kaɗaici da ɓacin rai.

Mu ba sai mun gina gidan tsofaffi ba. Wasan kaka da jika gadonmu ne. Kaka takan ce wa jikanta mijina, shi kuma ya tsokane ta, a yi dariya. Ƙaramin yaro ba ya gajiya da labarin Gizo da Ƙoƙi ko sau goma aka maimaita masa, ba ya kuma ce wa kaka ta yi kuskure. Sai dai zaman gari ya sāke. A wuri kamar Kwangila, uba yana gona ko tasha, uwa tana kasuwa, yara suna makaranta, tsohuwa tana ɗaki ita kaɗai. Ga babbar hanya da manyan motoci dare da rana. Tsohon da kaɗaici ya fitar da shi yawo yana cikin hatsari.

Abin da ƙungiya za ta iya yi

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Muna ba kowace ƙungiyar gama kai shawara ta haɗa kai da Zumuntar Mata, a ware rana ɗaya a mako. Ga yadda za a bi:

1. A nemi yardar iyalin tsohon da iyayen yaran tukuna.
2. A taru da hantsi a inuwa, cikin gidan da tsohon ya saba da shi. Ruɗewa takan ƙaru da yamma.
3. Yara uku ko huɗu sun isa, na kamar rabin sa'a. Hayaniya tana rikita mai ciwon.
4. A ba su aikin da hannu ya sani: ɓarar gyaɗa, tsintar wake, zaɓen irin masara, tufka igiya, ko waƙoƙin da tsohon ya haddace tun yana saurayi.
5. Babban mutum ya zauna tare da su kullum. Kada a bar wuƙa, wuta ko maganin ƙwari kusa. Kada kuma a kawo jariri inda ake ɓarar gyaɗa, don kada ya shaƙe.
6. Kada a yi wa tsoho jarrabawa, a ce, "Baba, wane ne wannan?" A ce, "Baba, ga jikanka ya zo gaishe ka."
7. In ya gaji ko ya fusata, a tashi cikin lumana. Yaro mai tari ko zazzaɓi ya jira sai ya warke.

A faɗa wa yara gaskiya: kaka ba ta da lafiya ne, ba mayya ba ce. Yaro kuma ba mai jinya ba ne, kada a cire shi daga makaranta don gadin kaka.

A je asibiti

In ruɗewa ta zo farat ɗaya cikin kwana biyu ko uku, wataƙila zazzaɓi ne, ko ciwon sukari, ko wani magani da aka sha. Irin wannan takan warke in an hanzarta. A kai shi wurin likita. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello yana Shika, akwai kuma asibitin Wusasa. Mu ma da ke da sauran ƙarfi mu riƙa auna jininmu.

A taronku na gaba, ku rubuta gidajen da ke da irin waɗannan tsofaffi, ku zaɓi mutum biyu su fara ziyara. Zumunta a ƙafa take. Waɗanda suka goye mu, suka koya mana riƙon fartanya, sun cancanci rabin sa'a a mako.