JIRGIN DA MUTANEN AGEGE SUKA JIRA SHEKARA 41

Duk wanda ya tsaya kusa da gadar Pen Cinema a Agege da sassafe zai ga abu biyu. A kan titi ga motocin danfo sun yi cirko-cirko, yaran mota suna ta kiran Oshodi da Ikeja. Can gefe kuma ga jirgin ƙasa na Gwamnatin Jihar Legas, wanda aka sa wa suna Red Line, watau Jan Layi, yana kwasar ma'aikata da 'yan kasuwa ya nufi Oyingbo. Yaran yanzu suna ɗaukar jirgin nan sabon abu, amma dattawan Zangon Agege sun san tun shekarar 1983 aka yi musu alkawarinsa. Shi ya sa har yanzu in an zauna hira a teburin mai shayi ko a ƙofar masallaci bayan la'asar, da wuya a tashi ba a taɓo maganar yadda gwamnatoci ke kashe kuɗin jama'a ba.

Ba abin mamaki ba ne Hausawan Agege su damu da sha'anin dogo, gama dogo ne ya raya zangonsu. Layin da ya tashi daga Ikko ya isa Ibadan a 1901, ya ratsa ta Agege, sa'an nan a 1911 dogo ya isa Kano. Gonakin goro da ke kewaye da Agege su suka jawo fatake daga Arewa, suka riƙa ɗaure huhun goro ana loda shi a jirgi, shanu kuma suna gangarowa Kudu. Waɗansu fataken suka yi gida, suka yi aure, aka naɗa Sarkin Hausawa. Jikokinsu ne yau ke fawa a mayankar Oko-Oba, suna canjin kuɗi, suna tireda da dako a ko'ina cikin birnin Ikko.

ALKAWARIN JAKANDE

Marigayi Alhaji Lateef Jakande na jam'iyyar UPN ya hau kujerar Gwamnan Jihar Legas a watan Oktoba 1979. Ya yi suna wajen ba da ilmi kyauta, ya hana karatun kamɓa-kamɓa na 'yan safe da 'yan yamma a makarantu, ya kuma gina gidaje masu sauƙin kuɗi a wurare kamar Abesan da Amuwo-Odofin. A watan Yuli 1983 ya ƙaddamar da aikin da ya fi kowanne girma, watau jirgin cikin gari da aka kira Metroline. An shirya layin zai tashi daga Marina, ya bi ta Yaba, ya ƙare a Agege, tafiyar kilomita 28 da rabi. An ba haɗin gwiwar kamfanonin Faransa mai suna Interinfra kwangilar a kan Naira miliyan 689, a lokacin da Naira ta fi dalar Amurka daraja.

To, amma aikin ya zo a mugun lokaci. Kasuwar man fetur ta faɗi a duniya, har ta kai Gwamnatin marigayi Shugaba Shehu Shagari ta kafa dokar tsuke bakin aljihu a 1982. Ran 31 ga Disamba 1983 sojoji suka karɓi mulki a ƙarƙashin Manjo-Janar Muhammadu Buhari, aka tsare 'yan siyasa, har da shi Jakande. A 1985, zamanin da Gbolahan Mudasiru yake Gwamnan soja na Legas, aka soke kwangilar. Adadin hasarar da aka fi ambata ita ce dala miliyan 78, kuɗin da suka fita daga baitulmali ba tare da fasinja ko guda ya hau jirgi ba.

RA'AYI YA RABU

A nan ne ra'ayin mutanen Zango ya rabu, kuma rabuwar tana da nauyi, domin marigayi Buhari, wanda ya rasu a watan Yuli 2025, mutum ne mai farin jini ƙwarai a unguwannin Hausawan Ikko.

Masu ganin an yi kuskure suna cewa aikin da aka riga aka zuba wa kuɗi ba a yar da shi, ko da wanda ya fara shi abokin hamayya ne. In babu halin gamawa gaba ɗaya, ai ana iya rage shi, a yi daga Marina zuwa Yaba, sauran a bar wa gaba. Suna kawo misali da birnin Alƙahira na ƙasar Masar, inda su ma Faransawa ne suka kama aikin jirgin cikin gari a farkon shekarun 1980, aka buɗe layin farko a 1987. Masar ma tana fama da bashi a lokacin, amma ta daure ta gama. A ganin masu wannan ra'ayi, hasarar gaskiya ta wuce dala miliyan 78. Sai a haɗa da sa'o'in da leburori da 'yan kasuwa suka ɓatar cikin motocin molue a kan hanyar Agege Motor Road shekara da shekaru, da naman da ya yi wari kafin mahauci ya kai shi kasuwa, da mai naƙuda da cunkoso ya tsare a hanyar asibiti. Wannan hasara ba ta shiga littafin akanta ba, talaka ne ya biya ta daga jikinsa.

Masu kare matakin sojoji kuwa suna cewa mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. A 1984 ana bin layi a sayi shinkafa da madara da sabulu, bashin ƙasashen waje ya yi wa Nijeriya katutu, Gwamnati kuma ta ƙi yarda da sharuɗɗan Asusun Ba da Lamuni na Duniya, IMF, musamman na karya darajar Naira. Suna tambaya, magidancin da ba shi da hatsi a rumbu zai ci bashi ya sayi doki? Har wa yau suna tuna wa abokan gardamarsu cewa sabon dogon Ikko zuwa Ibadan, wanda jirgin Jan Layi ke gudu a kansa, Gwamnatin Buhari ta farar hula ce ta gina shi, ta buɗe shi a watan Yuni 2021, har aka sa wa tashar Agege sunan Babatunde Fashola.

Sai na farko su amsa da cewa ai wannan dogon ma da rancen ƙasar Sin aka gina shi. In bashin jirgi halal ne a 2021, me ya haramta shi a 1985? Ga shi kuwa an yi aikin ne bayan Naira ta riga ta karye, an biya da tsada abin da a dā za a samu da sauƙi. An sake tono wannan gardama lokacin yaƙin neman zaɓen 2015, kuma har yau ba ta mutu ba.

ABIN DA YA DAMI MATASA

Matasan Agege, waɗanda ba a haife su ba lokacin Jakande, ba su cika ɓata lokaci kan wane ne mai laifi ba. Su dai sun ga an soma aikin Jan Layi a 2021, Shugaba Bola Tinubu ya buɗe shi ran 29 ga Fabrairu 2024, aka fara ɗaukar fasinja a watan Oktoba na wannan shekarar. Tsawonsa kilomita 27 ne daga Agbado zuwa Oyingbo, da tashoshi 8, hukumar LAMATA ke kula da shi, ana kuma biyan kuɗi da katin Cowry. Sun lura cewa kashin farkon nan a Oyingbo ya tsaya, bai kai Marina ba inda na Jakande zai kai.

Abin da ya fi damunsu shi ne lissafin aljihu. Tun 2020 Gwamnatin Legas ta hana acaba a ƙananan hukumomi 6, har da Ikeja maƙwabciyar Agege, aka ƙara faɗaɗa dokar a 2022, kuma 'yan Arewa da yawa da wannan sana'a suke ciyar da iyali. Ran 29 ga Mayu 2023 aka janye tallafin man fetur, lita ta tashi daga ƙasa da Naira 200 zuwa kusan Naira 500 cikin 'yan kwanaki, kuɗin mota ya bi ta. An gaya wa jama'a kuɗin tallafin za su koma ga ayyukan raya ƙasa. Saboda haka matasan suke cewa jirgin nan ba kyauta aka yi musu ba, da harajinsu da wahalarsu aka saye shi. Suna so kuɗin tikiti ya zama wanda ɗan dako zai iya biya, jirgi ya riƙa zuwa a kai a kai, a kuma sama wa masu kasa kaya da aka tasa daga gefen dogo wurin neman abinci.

Duk da wannan saɓani, akwai inda bakin dattawa da matasa ya zo ɗaya. Gadar Pen Cinema Gwamna Akinwunmi Ambode ne ya fara ta, Gwamna Babajide Sanwo-Olu ya gama ya buɗe ta a watan Maris 2021, kowa kuma ya ga amfaninta. Jirgin Blue Line na Marina zuwa Mile 2 Fashola ne ya fara, ya sha jinkiri fiye da shekara 10, amma da yake ba a soke shi ba, ya fara ɗaukar mutane a watan Satumba 2023. Watau aikin da aka jinkirta yana iya tashi, wanda aka soke kuwa sai an sake biyan kuɗinsa daga tushe.

Roƙon mutanen Zangon Agege ga duk wanda zai hau mulki nan gaba, ko na wace jam'iyya ne, shi ne ya duba aikin da ya tarar da idon basira. In akwai ɓarna a cikin kwangila, a hukunta wanda ya ci, a gyara farashi, a ci gaba da aiki. Gama gwamna yakan sauka, amma mai zuwa kasuwa daga Agege kullum sai ya fita da asuba.