Bazawara Ma Tana da Haƙƙin Kama Haya

Bayan rasuwar maigidana, dillalai uku na bi a Birnin Zazzau, daga Ƙofar Doka har Kwarbai, ina neman ciki da falo. Kuɗin shekara na hannuna, na adashi ne. Amma kowa sai ya ce: "Hajiya, ina mijin? Ba ma ba mace ita kaɗai."

'Yan'uwa, wannan wariya ce. Sashe na 42 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya hana nuna bambanci saboda jinsi, addini ko ƙabila. Sashe na 43 kuma ya ba kowane ɗan ƙasa damar mallakar gida ko fili a ko'ina a Najeriya. A Musulunci ma, dukiyar mace tata ce.

Ga yadda muke yi a ƙungiyarmu:

1. Kada ki je ke kaɗai. Shugaba da ma'ajiya su raka ki, su tsaya miki.
2. Ki nemi mai unguwa ya shaide ki.
3. Sunanki za a rubuta a rasit da takardar yarjejeniya, ba na yayanki ko ƙaninki ba.
4. In saye ne, a yi gaban shaidu, sannan ki yi rajista a KADGIS.

Ni dai da haka na samu ɗakina, alhamdulillahi.