Kiristocin Nijar: dogaro ga Allah bayan gobara da garkuwa

Ranar Juma'a 16 ga Janairun 2015, zanga-zangar nuna fushi kan zanen ɓatanci da mujallar Charlie Hebdo ta Faransa ta buga ta rikiɗe ta zama tarzoma a Damagaram. Washegari wutar ta kama a Yamai. Mutum 10 suka rasa rayukansu a biranen biyu, kuma hukumomi sun ce majami'u 45 aka ƙona a Yamai kaɗai. A Damagaram, ɗaruruwan Kiristoci sun fake a barikin soja, wasu kuma maƙwabtansu Musulmi ne suka ɓoye su a gidajensu.

Kiristoci ba su kai kashi 1 cikin 100 na al'ummar ƙasa ba, bisa ƙidayar 2012. Da ƙura ta lafa, akasarinsu ba su bar garuruwansu ba. Sun ci gaba da sujada a ƙarƙashin rumfuna da cikin gidaje, kafin a sake gina majami'un. Shugabanninsu kuma sun yi kira da a yi gafara, kada a rama.

Abin da ya riƙe su shi ne yadda suka fahimci kariyar Allah. A koyarwarsu, kariya ba alkawari ba ne cewa masifa ba za ta zo ba. Alkawari ne cewa Allah ba ya yasar da bawansa a cikinta. Shi ya sa a lokacin wuya ake yawan karanta Zabura ta 23 da ta 91, da labarin Ayuba wanda ya rasa dukiya da ƴaƴa da lafiya bai juya wa Ubangijinsa baya ba. Littafin Daniyel ma ya ba da labarin samari uku da aka yi wa barazana da tanderun wuta, suka shaida wa sarki cewa Allahnsu yana da ikon cetonsu, kuma ko bai cece su ba, ba za su yi wa gunki sujada ba.

An sake jarraba wannan imani ranar 17 ga Satumban 2018, lokacin da ƴan bindiga suka sace Fada Pier Luigi Maccalli, ɗan Italiya, a ƙauyen Bomoanga da ke jihar Tilaberi. Ya shafe fiye da shekara biyu a hannunsu, galibi a hamada, kafin a sake shi a Mali cikin Oktoban 2020. Bayan fitowarsa ya bayyana cewa addu'a ce ta riƙe shi, da carbin da ya haɗa da hannunsa, kuma ya yafe wa waɗanda suka tsare shi.

Dogaron bai hana taka-tsantsan ba. Inda tsaro ya taɓarɓare, musamman kusa da iyakar Burkina Faso, an rufe wasu majami'u, iyalai sun koma garuruwan da ke da sauƙi. Hausawa dai sun ce Allah ya ce tashi in taimake ka.

A sauran wurare aiki bai tsaya ba. Asibitin Galmi a jihar Tawa, wanda mishan ɗin SIM ta buɗe a 1950, har yanzu yana karɓar marasa lafiya daga Nijar da arewacin Najeriya, kuma mafi yawansu Musulmi ne.