Ƙwannafi: Abin da ke Kawo Shi da Yadda Ake Magance Shi a Gida

Ya kai ɗalibi mai karatu, a wannan fitowa za mu yi magana ne a kan ƙwannafi, wato zafin nan da ke tasowa daga saman ciki ya bi ƙirji har maƙogwaro, wani lokaci da gyatsa mai tsami ko ɗaci a baki. In ka gama karantawa ka karanta wa mutanen gida, domin iyaye sun fi yara fama da shi.

Da farko ka san cewa abincin da ka haɗiye yana bin wani bututu ne, wanda tsawonsa a jikin babban mutum ya kai wajen santimita 25, kafin ya faɗa tumbi. A cikin tumbi akwai ruwa mai tsananin tsami, wanda ake kira asid, shi ke taimakawa wajen narkar da abinci da kashe ƙwayoyin cuta. Allah cikin hikimarsa ya shafe bangon tumbi da wani yauƙi mai kare shi daga wannan ruwa, amma bututun ba shi da irin wannan kariya. Abin da aka yi masa shi ne wata tsoka a ƙarshensa, mai tsukewa kamar bakin jaka mai zariya. Abinci ya zo ta buɗe, ya wuce ta tsuke. To, in tsokar nan ta saki a lokacin da bai kamata ba, ko kuwa ciki ya cika maƙil har ya tura ta, sai ruwan tsamin ya haura sama ya ƙona bututun. Wannan ƙunar ita ce ƙwannafi. Zuciya ba ta da hannu a ciki, ko da yake kusa da ita ake jin zafin.

In ka gane wannan, ka gane rabin maganin. Babban abin da ke tura ƙofar nan shi ne cika ciki. Akwai hadisin da Miƙdamu ɗan Ma'adi Kariba ya ruwaito, yana cikin Tirmizi da Ibn Majah, inda aka koya mana raba ciki kashi uku tsakanin abinci da abin sha da numfashi. Likitan yau ma abin da zai gaya wa mai ƙwannafi ke nan: ci kaɗan-kaɗan, ka tauna da kyau, kada ka yi loma kamar ana korarka.

Na biyu shi ne kwanciya da cikakken ciki. Muddin kana zaune ko tsaye, nauyin abinci yana riƙe shi a ƙasa. Da ka miƙe a kan tabarma, tumbi da maƙogwaro sun zama daidai, kamar ka kwantar da gorar da murfinta bai rufu sosai ba. Saboda haka ka bar tsakanin tuwon dare da barci ya kai awa 2 zuwa 3. Wanda ya ci abinci bayan Magariba, ya yi Isha'i, ya ɗan yi tilawa, ai ya cika wannan lokaci ba tare da ya duba agogo ba. Wanda kuwa zai jira sai ƙarfe 10 ya cika ciki da shayi da burodi da ƙwai ya faɗa gado, shi ya gayyato abinsa.

A watan azumi abin ya fi yawa, kuma dalilin a fili yake. An wuni ciki ba komai, ana kiran salla sai a auka wa ƙosai da awara da soyayyen dankali, a bi da kunun tsamiya da lemon kwalba, duk cikin minti goma. Daga nan sai masallaci. Kana ruku'u kana sujada, ciki a matse, abin yana tasowa har wuya, ina natsuwa a wannan Tarawihi? Ka buɗe baki da dabino da ruwa, ka yi Magariba, sannan ka ci a hankali, ka bar sauran sai bayan an sauko. Da sahur ma haka. Masu komawa barci da zarar sun ajiye cokali su ne ke farkawa da ɗacin baki. Ka zauna ka yi karatu har a yi Asuba, in da hali ka ƙara ɗan lokaci kafin ka kishingiɗa.

Game da irin abinci, kowa da abin da ke tayar masa, don haka kada ka haramta wa kanka komai don kawai ka ji wani ya ce. Sai dai akwai waɗanda suka yi suna. Abinci mai maiƙo yana daɗewa a tumbi, kuma yana sassauta tsokar nan. Barkono da attaruhu da yajin tsire suna ƙara raɗaɗi. Sai tumatir, ɗanyar albasa, lemon tsami, cakulan, na'a-na'a, lemon kwalba mai iska, da shayi mai kauri, da kofi, da goro. Ka lura da kanka na mako biyu, ka rubuta a bayan littafinka abin da ka ci duk ranar da ya taso maka. Za ka kama ɓarawon da kanka. Taba sigari kuwa ba sai an yi mata gwaji ba, tana sassauta tsokar, tana kuma rage yawu.

Yawu fa ba abin rainawa ba ne, domin yana wanke bututun yana kuma rage kaifin tsamin. Shi ya sa tauna cingam marar sukari na kamar rabin awa bayan cin abinci ke taimakon wasu. Banda cikin aji, kada a ce mu muka sa ka. Kurɓar ruwa kaɗan-kaɗan ma tana saukar da abin da ya haura. In ya taso maka, tashi zaune ko ka ɗan taka a tsakar gida, ka sassauta zariyar wando ko bel. Iyaye mata su sassauta ɗaurin zani, musamman masu juna biyu, waɗanda abin ya fi damu a watannin ƙarshe saboda jariri yana tura tumbi sama. Mai teɓa kuma in ya rage nauyi, sau da yawa ƙwannafin yakan ragu tare da shi.

Wanda abin ke tashinsa da dare, ya sa bulo ko katako a ƙarƙashin ƙafafun gado na wajen kai, ya ɗaga su kamar santimita 15 zuwa 20. Tara matashin kai bai yi ba, don lanƙwasa mutum yake yi ya ƙara matse ciki. Bincike ya nuna kwanciya a gefen hagu tana rage tasowar tsamin, domin tumbi ya karkata hagu ne, bakinsa sai ya kasance a saman abin da ke ciki. Za ka ce ai sunna kwanciya a dama ce. Haka ne. Ka fara da damanka, ka yi addu'o'in barci, in zafin ya motsa ka juya hagu.

Sai batun ruwan kanwa, wanda tsofaffi ke jiƙawa. Gaskiya ne tana kashe tsami nan take, amma ni ban ba ka shawarar ka mai da ita abin sha ba. Tana da sinadarin gishiri da yawa, tana kumbura ciki da iska, kuma ba a san awonta ba. Mai hawan jini, da mai ciwon ƙoda, da mai juna biyu, da ƙananan yara, su nisance ta. Madara ma takan sanyaya na ɗan lokaci, amma mai maiƙo tana iya dawo da zafin daga baya. Ka kuma kiyayi ƙwayoyin ciwon jiki irin su asfirin da ibuprofen da diclofenac, waɗanda ake saya a tire a bakin tasha, domin suna cin bangon tumbi. Wanda likita ya ɗora a kansu kada ya daina da kansa, ya koma ya gaya masa.

Mutanenmu duk zafin ciki sai su ce olsa ce. Gyambon ciki daban, ƙwannafi daban. Yawancin gyambon ciki wata ƙwayar cuta ce ke kawo shi, wadda likitoci biyu na ƙasar Ostireliya, Barry Marshall da Robin Warren, suka gano a 1982, har aka ba su lambar yabo ta Nobel a 2005. Ana gwada ta a asibiti, kuma tana da magani.

Duk dabarun nan na ƙwannafin da ke zuwa jefi-jefi ne. In yana zuwa fiye da sau biyu a mako, ko ya yi mako 3 bai lafa ba, a je asibiti. Haka in abinci yana maƙalewa wajen haɗiya, ko mutum yana rama ba dalili, ko ya yi aman jini, ko bayan gidansa ya yi baƙi kamar kwalta. In kuwa ka ga Baba ko Kaka sun dafe ƙirji, zafin yana tafiya hannu ko muƙamuƙi ko baya, ga gumi ga ƙarancin numfashi, kada a tsaya jiƙa kanwa, wannan yana iya zama ciwon zuciya. Ka ruga ka kira babba, a nemi mota a kai su asibiti nan take.