Uwar Garke Ɗaya Ta Ishi Aji Guda

A ranar 14 ga Oktoba 2025 kamfanin Microsoft ya kawo ƙarshen tallafin da ya saba bai wa Windows 10, ga shi kuma Windows 11 ba ta yarda ta hau kwamfutar da ba ta da guntun tsaro na TPM 2.0. Ma'ana, ɗimbin kwamfutocin da lafiyarsu ƙalau sun wayi gari ana kiransu tsofaffi. Ni dai a ganina, makarantar da ke da irinsu a ɗakin kwamfuta bai kamata ta zubar da su ba, bai kuma kamata ta ci bashi don sayen sababbi talatin ba. Ta sayi kwamfuta ɗaya mai sauƙin kuɗi, irin ta kan tebur, ta ƙara mata ƙwaƙwalwa, ta mai da ita uwar garke, sauran su riƙa sha daga gare ta ta hanyar waya.

Dabarar ba sabuwa ba ce. Tun zamanin na'urar allo da madannai ta VT100, wadda kamfanin DEC ya fitar a 1978, mutane da yawa ke aiki a kan babbar kwamfuta guda, kowa da allonsa da madannansa kawai. A 1999 Jim McQuillan ya fara shirin LTSP a Amurka, wanda ya sa kwamfutar gida mai ɗauke da Linux ta iya wannan aikin. Idan ɗalibi ya kunna tasa, ba ta neman komai a rumbun ajiyarta, ko da ma an cire shi. Katin sadarwarta ne ke cigiya a cikin waya, a ba ta adireshi, ta karɓo ɗan ƙaramin fayil daga uwar garke, da shi take tashi. Ɗalibin ya rubuta sunansa da kalmar sirri, ya buɗe manhajar rubutu, amma ainihin aikin a can wajen uwar ake yin sa. Abin da ya latsa ne ke tafiya, hoton abin da ya fito ne ke dawowa.

An gwada wannan a makarantu na gaske. Shirin Skolelinux, da aka fara a Norway a 2001, ya yi amfani da shi. Haka ma ɗakunan tuXlabs da Gidauniyar Shuttleworth ta kafa a makarantun Afirka ta Kudu, da makarantu masu yawa a Girka. Mutane sun fi ambaton rarar kuɗin saye, amma babbar riba tana wajen kulawa. Abin da ke kashe ɗakin kwamfuta a hankali shi ne wannan ta kamu da bairos, waccan rumbunta ya mutu, ta can an goge mata manhaja, malami ɗaya kuma ba zai iya bin talatin ɗaya bayan ɗaya ba. A tsarin uwar garke sau ɗaya ake girka manhaja, kowa ya samu da safe. Fayilolin yaro suna bin sunansa duk kujerar da ya zauna. Idan wata ta ƙone, a zare wayoyinta a jona wata, darasi ya ci gaba.

Masu suka suna cewa ranar da uwar ta kwanta, aji duka ya kwanta. Gaskiya ne, sai dai tun da uwar ba mai tsada ba ce, ana iya ajiye ta biyu a gefe, ana kwafe mata komai kowace yamma, kuma kare na'ura guda daga ɗaukewar wuta da batir ya fi sauƙi a kan kare talatin. Suna kuma cewa bidiyo da shafukan intanet na yanzu sun yi wa uwa ɗaya nauyi. Wannan ma haka ne, shi ya sa da aka sake rubuta LTSP a 2019, ƙarƙashin Alkis Georgopoulos na Girka, aka karkata ga barin kowace kwamfuta ta tashi daga uwar garke amma ta yi lissafi da nata ƙarfin. Kulawa na nan a wuri ɗaya, nauyi kuwa ya rabu.

Sukar da ta fi damuna ita ce ta rashin gwani. Linux na bukatar wanda ya iya ta, kuma idan malamin da ya kafa tsarin ya samu canjin wurin aiki, ɗakin na iya komawa ma'ajiyar ƙura. Kayan aiki ba sa maganin wannan. Wani kaso na rarar da aka samu dole ya tafi wajen horar da malamai biyu aƙalla, a kuma rubuta matakan tayar da tsarin a manna su a bango kusa da uwar garken. A Najeriya, inda hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta gaba ɗaya kan kwamfuta tun 2015, akwai ɗaliban da ranar jarrabawar ce farkon ranar da yatsunsu ke taɓa madannai, alhali tsohuwar kwamfutar da aka jingine a sito ta isa ta koya musu wannan tun suna aji ɗaya.