Gidanka ne, amma ko taga ba ka isa ka sauya ba

A birnin Lyon na ƙasar Faransa akwai wata unguwa a bakin kogin Saône da ake kira Vieux Lyon, wato Tsohuwar Lyon. Galibin gidajenta ginin ƙarni na 15 da na 16 ne, zamanin da Turawa ke kira Renaissance. Lokacin babbar kasuwar garin na ci sau huɗu a shekara, fatake da masu banki daga Italiya suka zo suka yi kaka-gida. Baƙi ne fa, amma da dukiyarsu aka tayar da wasu gidajen da garin ke tinƙaho da su yau.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu unguwar ta lalace, ta koma ta talakawa. Magajin gari Louis Pradel ya so ya rushe wani ɓangarenta don fitar da babban titi. Ƙungiyar masu kishin unguwar ta ce ba za ta saɓu ba. Ana cikin haka, a 1962, ministan al'adu André Malraux ya kawo dokar da ta ba gwamnati damar kare unguwa sukutum, maimakon gini ɗaya-ɗaya. A 1964 Vieux Lyon ta zama ta farko da dokar ta kare, a 1998 kuma UNESCO ta sa tsohon garin cikin wuraren tarihi na duniya.

To, me kariyar ke nufi ga mai gida? Gidan nasa ne, zai iya sayarwa ko ya ba da haya. Amma rushewa, ƙara bene, sauya taga ko launin bango, sai da amincewar jami'in gine-gine na gwamnati. Har cikin gida dokar ke shiga: tsohuwar matakala ma ba a taɓa ta haka kawai. Abin da ke sanyaya zuciya shi ne wanda ya gyara gida bisa ƙa'ida ana rage masa haraji.

Sai dai ba a rasa kuka ba. Da unguwar ta gyaru, haya ta yi tashin gwauron zabi, talakawa da yawa suka tattara komatsansu.

Mutanenmu na Legas za su tuna Ilojo Bar da ke kusa da dandalin Tinubu. Tun 1956 yake cikin jerin gine-ginen tarihi na ƙasa, amma a watan Satumban 2016 aka wayi gari katafila ta baje shi.